Naman Sanayya Ko Naman Hatimi?

 Yau zancen namu a bakin murhu yake, amma ba koyon girki za mu yi ba. Magana ce a kan 'yar tsokar nan da maigida kan shigo da ita cikin baƙar leda, ko wadda yaro mai talla kan kawo ƙofar gida a faranti, mu sa hannu mu karɓa, mu wanke, mu jefa a miya, mu zuba wa 'ya'yanmu su yi bisimilla su ci. Kullum haka muke yi, amma da wuya wata a cikinmu ta tsaya ta tambayi kanta, shin da wane dalili na yarda da naman nan?

Abin da ya sa na ɗauki biro a kan wannan magana wata 'yar gardama ce da aka yi a gabana a wani gidan suna a Tudun Wadar Gusau. Ana cikin rabon naman suna sai hira ta gangaro kan tsadar nama, daga nan ta koma kan ingancinsa. Wata dattijuwa wadda danginta ke wani ƙauye a ƙasar Bungudu ta ce, "Ni dai Allah Ya rufa mini asiri, ba na sa naman da ban san asalinsa ba a tukunyata. Ƙannena kan haɗa kuɗi su yi watanda a can gida, su aiko mini da kasona. Saniyar da aka kayar na san garken da ta fito, mai ita kuwa tun yana goye na san shi."

Sai wata amarya da ta yi karatun kiwon lafiya ta sunkuyar da kai ta ce, "Inna, ki gafarce ni, amma sanin mai saniya daban, sanin cikin saniya daban. Ni hankalina ya fi kwanciya da naman da ya bi ta kwata, likitan dabbobi ya duba shi ya amince."

Dattijuwa ta riƙe haɓa ta ce, "Ke 'yar nan! Yo takarda tana jin kunya ne? Ai mutum ke jin kunya."

Amarya ta ce, "Haka ne Inna, sai dai kunya ba ta ganin tsutsar hanta."

Aka fashe da dariya, aka shiga wata hira. Ni kuwa na koma gida maganar tana ta yi mini yawo a rai, domin na ga kowace a cikinsu ta riƙo gaskiya, amma rabi-rabi.

Kada ki zaci mu kaɗai ke wannan gardama. A ƙasashen Turai da Amurka ma ana yin ta, sai dai da wani suna. Can suna da wani tambari da ake mannawa a jikin ƙunshin abinci, suna ce masa oganik. Idan nama ya samu wannan tambari, ma'anarsa an ciyar da dabbar da abincin da aka noma ba tare da takin zamani ko feshin sinadari ba, ba a ɗirka mata maganin sa ƙiba ba, ba a riƙa yi mata allurai barkatai ba, kuma an bar ta tana fita fili. Akwai masu bincike da ke zuwa gonar kowace shekara su duba, mai gona kuma shi ke biyan kuɗin dubawar. A Amurka dokar wannan tambari ta kankama a 2002. To, sai ƙananan manoma da yawa suka ce su ba su da kuɗin takarda, amma ƙofar gonarsu a buɗe take, mai saye ya zo ya gane wa idonsa. Masu saye suka rabu biyu, wasu suka ce ai gani ya kori ji, wasu suka ce a'a, wanda ba gwani ba ko ya gani bai san abin da ya gani ba. Kin ga ashe Inna da amarya ne suka sake haɗuwa a wata ƙasa.

Mu nan ba ki ganin tambarin oganik a teburin mahauci. Abin da muke da shi mai kama da shi su ne duban likitan dabbobi a kwata, da rasit ɗin da ake yanka wa wanda ya sayi dabba a kara, da lambar hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, a jikin abincin gwangwani da na leda. Duk waɗannan zan haɗa su wuri ɗaya in kira su hatimi. Ɗaya ɓangaren kuma shi ne sanayya, wato saye daga hannun wanda kika sani.

Bari mu fara ba Inna haƙƙinta. Mutumin da ya sayar miki da nama alhali ya san gobe za ku haɗu a gidan biki, jibi a gidan gaisuwa, matarsa tana zubin adashi tare da ke, ɗansa yana makarantar allo ɗaya da ɗanki, wannan mutum akwai igiya a ƙafarsa. In ya cuce ki ba shi da inda zai kai fuskarsa. Da irin wannan igiya kakanninmu suka yi fataucin shanu daga ƙasar Hausa har Ibadan da Ikko, ana ba da dabbobi bashi ana biya, ba tare da an sa hannu a takarda ba. Sunan mutum shi ne jarinsa, in ya ɓaci kasuwarsa ta tashi. Ga kuma wani alheri, kuɗin da kika ba mai kiwo na Kwatarkwashi ko na Nahuce ba su yi nisa ba, su ne gobe za su dawo cikin gari a sayi atamfa ko a biya wa yaro kuɗin makaranta.

Amma babban abin da sanayya ke iya shaida, wanda likita ba zai gani ba ko ya sa tabarau goma, shi ne halaccin dabbar. Ba sai na ba ki labarin abin da ya sami jiharmu ba. Tun wajen 2011 satar shanu ta zama annoba, aka kore garkunan makiyaya da shanun huɗar manoma, aka kashe masu su da yawa, ƙauyuka a ƙasar Tsafe da Bungudu da Maru da sauransu suka watse, matan da a da suke tatsar nono suna kyauta da shi suka dawo cikin Gusau suna neman abin sawa a baka. Abin ya kai ga a watan Satumba na 2021 gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako-mako, ta dakatar da safarar dabbobi, aka kuma katse layukan waya na wani lokaci. To, 'yar uwa, shanun nan da aka kore ina suka tafi? Ai ba sama suka tashi ba. Wani ya saya, wani ya yanka, wata ta dafa.

Saniyar sata tana iya zama lafiyayya sumul, huhunta fes, hantarta fes, likita ya duba ya ce babu cuta, kuma gaskiya ya faɗa. An ambaci sunan Allah an yanka ta, amma wuƙa ba ta yanke haƙƙin mai ita. Hawayen marayun da aka raba da ita ba ya fitowa a na'urar awo. A wannan wuri, mutumin da zai dube ki ya ce, "Wannan bijimi a gidan wane aka haife shi, a gabana ya girma," ya fi kowane hatimi amfani. Kuma kada mu ce ina ruwan mai dafawa, domin in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Da ɓarawon shanu zai rasa mai saye, da tuni ya nemi wata sana'a.

To, yanzu kuma mu juya mu ba amarya nata haƙƙin. Ina da wani kawu a wani ƙauye a ƙasar Tsafe, mutumin kirki wanda ko allura ya tsinta sai ya yi cigiya. Wata shekara saniyarsa ta kwanta, ya sayo ruwan allura a kasuwa ya yi mata, kwana biyu ba ta tashi ba, ya ƙara mata. Da ya ga za ta zama mushe sai ya kira mahauci aka yanka, aka kasa, aka sayar wa maƙwabta da sauƙi, wasu ma bashi ya ba su. Shi a zuciyarsa taimako ya yi, ya tsirar da dukiyarsa ya kuma wadata mutane da nama, bai kuma ɓoye wa kowa cewa saniyar ba ta da lafiya ba. Abin da bai sani ba, a jikin kwalbar an rubuta da Turanci kwanakin da za a jira kafin a yanka dabbar ko a sha nononta. Irin allurar nan mai daɗewa a jiki, wata sai an jira mako uku, wata mako huɗu ko fiye. Kafin kwanakin su cika maganin yana nan a tsoka da hanta da ƙoda, dafuwa kuma ba ta fitar da shi duka. Mai ci ba lalle ya faɗi nan take ba, amma yau kaɗan gobe kaɗan ƙwayoyin cuta suna sabawa da magani, har a wayi gari yaro ya kwanta a asibiti a ba shi magani ya ƙi aiki. Kawu bai ci amanar kowa ba. Iliminsa ne ya tsaya inda idonsa ya tsaya.

Mu mutanen Zamfara ai mun fi kowa sanin cewa akwai gubar da ido ba ya gani. A 2010 gubar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta hallaka yara sama da 400 a ƙauyukan ƙasar Anka da Bukkuyum. Kafin a farga da yara, agwagin ƙauyukan sun riga sun fara mutuwa, ba wanda ya gane saƙon. Iyayen nan sun san ƙasar tsakar gidansu kamar tafin hannunsu, a kanta aka haife su, amma sai da ma'aikatan lafiya suka ɗebi jini da ƙasa aka auna sannan aka gane maƙiyin. Wannan ba zancen nama ba ne, amma darasin ɗaya ne: sabo da abu bai zama sanin abin da ke ɓoye cikinsa ba.

Haka nan cutar antiras, wadda makiyaya ke kira ciwon saifa. An tabbatar da ɓullarta a wata gona a Suleja ta jihar Neja a watan Yuli na 2023, sannan a wata gona a nan Zamfara a watan Janairu na 2025. Dabba tana tsaye kamar lafiya lau sai ta yanke jiki ta faɗi, baƙin jini wanda ba ya daskarewa ya riƙa fita ta hanci da baki da dubura. Irin wannan ba a yankawa, ba a feɗewa, ko fatar ba a ɗauka, domin mai fiɗa da mai wankewa da mai ci duk suna iya kamuwa, ƙwayar cutar kuma tana yin shekaru masu yawa a cikin ƙasa ba ta mutu ba. Amma mai dabbar da ya ga dukiyarsa tana shure-shure, abin da zai fara zuwa masa a rai wuƙa ce. A nan ake bukatar wani na gefe, wanda ba shi da ko sisi a cikin saniyar, ya ce a'a, a haƙa rami a binne.

Aikin da likita ke yi a kwata ke nan. Yakan dubi dabba tun tana tsaye, bayan an feɗe kuma ya tsaga huhu ya nemi ƙululun tarin fuka, wanda ke iya tsallakowa daga saniya zuwa mutum. Ya tsaga hanta ya nemi tsutsar nan mai faɗi kamar ɗan ganye. Ya dubi zuciya da harshe da naman muƙamuƙi ko akwai 'yan fararen ƙwayoyi kamar ƙwayar shinkafa, waɗanda ke zama tsila a cikin wanda ya ci naman bai dahu ba. Ba rashin gaskiya ke hana mai saniya ganin waɗannan ba, ba aikin da ya koya ba ne.

Akwai kuma wani aibi na sanayya da ba mu cika faɗa ba. Igiyar nan da na ce tana ƙafar mai sayarwa, ɗaya bakin nata a harshen mai saye yake ɗaure. In baƙon mahauci ya ba ki nama mai wari, nan take za ki tura yaro ya mayar. In kuwa daga gidan surukai ya fito, ko daga wurin kawu, sai ki ƙara masa citta da kanumfari ki yi shiru, wai kada zumunci ya ɓaci. Ashe kunyar da Inna ta dogara da ita tana tsare mu ta wata fuska, tana kuma rufe mana baki ta wata fuskar.

Sai dai amarya ma kada ta yi saurin rangaɗa guɗa, domin hatimi ba ya buga kansa, hannun mutum ke buga shi. A watan Janairu na 2013 hukumar kula da abinci ta ƙasar Ailan ta sanar cewa ta auna naman da ake sayarwa a manyan kantuna, wanda aka rubuta wa naman shanu ɓaro-ɓaro, sai ga naman doki a ciki, wasu ma har da ɓurɓushin alade. Da aka bi sawu sai aka ga abin ya game ƙasashen Turai da dama, har a cikin abincin da aka rubuta wa halal ana kai wa fursunoni Musulmi a gidajen yarin Ingila an samu ɓurɓushin alade. Naman ya bi ta hannun dillalai da kamfanoni daga wannan ƙasa zuwa waccan, kowa da takardarsa a hannu, amma babu wanda ya san dabbar. To, in haka ta faru inda doka ke da haƙora, ina ga inda ma'aikata ba su da yawa, dabbobi kuwa ana kayar da su tun asuba, wasu a bayan gida, wasu a kasuwar ƙauye inda babu mai dubawa? Rasit ma ana iya yanka wa saniyar sata in mai alƙalamin ya ji tsoro ko ya yi kwaɗayi. Ko duban da aka yi da gaskiya, shaida ce a kan sa'ar da aka yi shi. Bai san ranar da naman ya sha a tebur ba, bai san ƙudan da ya sauka a kai ba, bai san ruwan da aka yayyafa masa da yamma don ya yi kyan gani ba. Amma ki lura, a labarin Ailan ba harshen masu ci ne ya tona asiri ba, awo ne. Takardar ƙarya, bincike na gaskiya ne ya kama ta.

Da na auna wannan na auna wancan, sai na ga ashe sanayya da hatimi abu ɗaya ne aka sa wa riga biyu, sunansa shaida. Ke ba ki ga haihuwar dabbar ba, ba ki ga kiwonta ba, ba ki ga yankanta ba, dole ki jingina da bakin wani. A gaban alƙali kuwa abu biyu ake nema ga mai shaida: shin ya san abin da yake shaida a kai, kuma shin adali ne? Sanayya tana gaya miki adalcin mutum, amma ba ta ba shi idon likita. Hatimi yana zuwa da idon likita, amma ba ya gaya miki ko mai buga shi yana tsoron Allah. Duk wadda ta riƙe ɗaya ta yar da ɗaya, da shaida mai ƙafa ɗaya ta shiga kotu.

Magabatanmu ba su raba su ba. A garuruwan ƙasar Hausa akwai Sarkin Fawa, shugaban rundawa, wanda alhakin abin da aka yanka a kasuwa ke wuyansa. Shi mutum ne da kowa ya san gidansa, kuma shi hukuma ne da ke iya hana a kasa nama. A zamanin daular Shehu Usmanu Ɗanfodiyo akwai muhtasibi mai zagaya kasuwa yana duba mudu da sikeli da algus. Wanda kuma yake ganin neman takarda rashin yarda ne da ɗan uwa, ya tuna ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma tsakanin muminai. Ya zo a hadisi ma cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce tarin abinci a kasuwa ya cusa hannunsa ciki, ya ji jiƙaƙƙe a ƙasa an rufe da busasshe, ya yi wa mai shi faɗa a kan algus. Bai tsaya ga kyan saman tari ba, bai kuma tsaya ga fuskar mai kaya ba, hannu ya sa.

A nan ne nake ganin ainihin ciwon namu yake. Sau da yawa ba yarda ke sa mu ce "ai na san shi" ko "ai daga kwata yake" ba, neman inda za mu sauke nauyin tambaya ne. Musamman in araha ta shigo. Idan kason da kika san kuɗinsa ya zo miki da rabin kuɗi, zuciya ta san akwai dalili, ko dabbar ta kwanta ne, ko naman kwanan tebur ne, ko kuma ba a san mai ita ba. Sai mu danne zuciyar mu ce Allah ne Ya kawo sauƙi. Wadda ba ta sani ba tana da uzuri a wurin Ubangiji, amma wadda ta ƙi tambaya don kada ta sani fa? Wannan ta riga ta sani rabi, ta rufe ido a kan sauran. Araha ba ta ado, in ji masu iya magana.

Na san halin da ake ciki, wallahi na sani. Akwai gidan da ake yin mako biyu, uku, miya ba ta ga nama ba, yara suna leƙen tukunyar maƙwabta. Ba na zargin uwar da ta ga sauƙi ta miƙa hannu. Amma ina roƙonta ta tuna, tsoka biyu mai tsarki ta fi faranti guda mai shakka, ranar da babu kuma, wake da ƙwai da awara da busasshen kifi suna gina jikin yaro ba tare da sun kai shi gadon asibiti ko sun ɗora wa gida haƙƙin wani ba.

Wata za ta ce, to ni da nake cikin gida, ba ni ke cefane ba, me ke hannuna? Da yawa, 'yar uwa. Na farko, ki tambayi maigida cikin ladabi da hikima, ba lokacin da ya shigo a gajiye ba, "Malam, wai wurin wa kake sayo mana nama? A ina yake yankansa?" Ki ba shi shawara ya riƙe mahauci ɗaya wanda aka san gidansa, wanda kuma yake yanka inda ake dubawa, kin ga an haɗa biyun ke nan. Na biyu, ke ce mai dubawa ta ƙarshe, domin babu naman da ke shiga cikin yaro sai ya bi ta hannunki. Ki shinshina, ki danna da yatsa, in ya yi yauƙi ko kore-kore ko wari, ki mayar ko daga gidan wa ya fito. Ki tsaga hanta da huhu ki duba kafin ki wanke, in kin ga ƙululu ko tsutsa ko fararen ƙwayoyi kada ki sa a tukunya. Na uku, ki bar nama ya dahu har ciki, ki wanke wuƙa da hannu da sabulu kafin ki taɓa abin da za a ci ɗanye. Na huɗu, in dangi za su yi watanda, ko lokacin layya ya zo, ki ce a tambayi asalin dabbar, a tambaya ko an yi mata allura kwanan nan, a kuma kira malamin dabbobi ya leƙa in da hali. Ɗan abin da za a ba shi bai kai kuɗin kwana ɗaya a asibiti ba. Mai gaskiya ba ya fushi da tambaya, wanda tambaya ta ɓata wa rai kuwa ya riga ya ba ki amsa.

Saura magana ɗaya, kuma ita ce ta fi nauyi. Tun da muka fara muna zance ne kamar kullum mu ne masu saye. Amma ki leƙa bayan ɗakinki. Akuyar nan da aka ba ki ranar aure, tunkiyar da kika saya da kuɗin adashi, ragon da kika turke kina ba shi dusa da harawa kina jiran babbar salla, ai ke ce mai kiwon da wata 'yar uwa a Sabon Gari ko Samaru za ta ce ta yarda da ita. Ranar da ragon ya ƙi cin abinci kika sa aka yi masa allura, kasuwa kuma ta matso, za ki faɗa wa dillali ko za ki ce yaro ya yi shiru? Ranar da akuya ta fara tari kika yi sauri kika fitar da ita kafin ta rame, kin tuna cewa tukunyar wata za ta faɗa, yaran wata za su ci? Ɓoye aibin abin sayarwa haramun ne ko da mai saye bai tambaya ba. Babu likita a tsakar gidanki, babu rasit, babu mai ganinki sai Wanda ba Ya barci. Abin da kike so mahauci ya yi miki, shi za ki yi wa wadda ba ki sani ba.

Da zan sake haɗuwa da Inna da amarya, da sai in ce su haɗa kuɗi su yi watanda tare. Inna ta nemo saniyar da ta san mai ita, amarya ta kira wanda zai duba cikinta, kowace ta ɗauki kasonta ta tafi gida da kwanciyar rai.

Allah Ya ciyar da mu halal mai tsarki, Ya tsare 'ya'yanmu daga cutar da muke gani da wadda ba mu gani, Ya mayar wa waɗanda aka raba da dukiyarsu da mafificin alheri, Ya dawo mana da zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya. Amin summa amin.